Garkuwa a Cikin Jirgi

Da a ce gyaran taya kaɗai ke riƙe da Bawa a tashar Gaya, da tuni ya rufe rumfa. Tun da sojoji suka karɓi mulki a Yamai aka datse gadar da ke tsallaka kogi zuwa Malanbil, garin da ke tsallaken iyaka, manyan motoci suka daina wucewa, famfon iskarsa ya koma abin rataya hula. Amma duk la'asar rumfar nan cike take, domin a nan ake shimfiɗa kwali.

Wasa ne da shi da ƙanensa Sallau suka ƙirƙiro shekara shida da suka wuce, lokacin da zaman jiran takardun duwan, wato kwastan, ya ishi kowa. Suka buɗe tsohon kwalin firigo, wato firji, suka zana masa gidaje da biron bik. Kowane ɗan wasa yana da murfin kwalba guda, shi ne jaruminsa, da tsinken ashana uku, su ne ransa. Bawa ne mai labari. Shi ke faɗin inda ake, shi ke tura maƙiya, shi ke yanke hukunci idan gardama ta tashi, sauran aikin kuma na ƙwayar lido ne, mai lamba ɗaya zuwa shida. Dokokin suna cikin wani kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, da rubutun Sallau, don shi ne ya ɗan daɗe a lekol, makarantar boko.

Masu murfi uku ne na dindindin. Akwai Kande mai shinkafa da wake, wadda ta yi shekara guda tana cewa ƙatti da gemu sun rasa abin yi, rana ɗaya aka ba ta ƙwayar ta jefa, ba ta sake tashi ba. Akwai Yakuba, basarke ɗan Tunuga, wanda tun da aka rufe gada ya ajiye taru ya koma fiton mutane da jirginsa. Na uku shi ne Sallau, mai jan murfi lotsattse da ake kira Barde. Jaruman wasu sun mutu an sake sababbi har an manta sunayensu, amma Barde yana nan tun ranar farko, kuma Sallau yana faɗin hakan ko ba a tambaye shi ba.

Sai dai wata takwas ke nan ba a ga Sallau a rumfar ba. Rufe gadar ya rutsa da shi a Malanbil da kamiyo, babbar mota, cike da kaya daga Kwatano. Kullum la'asar yake kira, Bawa ya jingina salula da tsohuwar taya, ya buɗe murya, Kande ta riƙa matsa masa Barde tana jefa masa ƙwaya. Daga rumfar zuwa inda yake kwana bai kai tafiyar awa guda ba. Sauran direbobi duk sun bar motocinsu hannun masu gadi suna shigowa jirgi su ga iyali su koma. Shi kuwa in an yi masa zancen sai ya ce ba ya barin amanar mutane a titi.

Bawa ya san amanar da ake nufi. Sallau na da shekara tara jirgi ya kife da su kusa da Tunuga, Bawa ne ya cafko shi ta wuyan riga. Tun daga ranar Sallau bai sake taka jirgi ba. Mutum ne da zai sauko gangaren dutse da lodin tan talatin yana yin fito da bakinsa, amma ko gada zai hau sai ya kafa ido a tsakiyar kwalta har ya wuce. Ba su taɓa yin maganar ba, kuma Bawa bai taɓa barin wani ya yi masa ita ba.

Ran nan Talata Madina matar Sallau ta sauka lafiya, 'ya mace bayan maza uku. Bawa ya kira shi ya yi masa barka, sannan ya roƙe shi, roƙo na gaske irin wanda wa ba ya yawan yi wa ƙane.

"Sallau, kwana bakwai ne. Ka taho ko yini guda ka yi. Madina ba ta ce komi ba, amma duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai."

"Yaya, ai kana nan. Kai ne uba. A yanka rago, a raɗa suna, in ji ta salula."

Bawa ya ce to. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya san yarinyar nan za ta girma a gaya mata ranar sunanta ubanta yana tsallaken kogi, lafiyarsa lau.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa kwali kamar kullum. Yakuba ya daɗe yana ƙorafi cewa labarun Bawa duk na daji ne da duwatsu, sai ka ce ba a bakin ruwa aka haife shi ba. Don a huta da bakinsa Bawa ya samo shuɗin alli ya ja kogi a tsakiyar kwalin. Ɓarayin shanu sun tsallaka da dukiyar gari, jarumai suka bi su. Kowa ya samu kwalin ashana a matsayin jirgi. Yakuba ya yi ta murna har yana koya wa 'yan kallo yadda ake karkata jirgi a ruwa mai ƙarfi, alhali kwalin ashana ne a hannunsa.

Wasa ya yi zafi. Maharbiyar Kande ta kashe biyu, jarumin Yakuba ya nutsar da ɗaya. Barde kuwa, da yake mai shi ba ya jin shawara, ya kutsa gaba shi kaɗai har ya rasa tsinke biyu. Bawa ya ɗauki fararen murafa biyu na ɓarayi, ya ajiye ɗaya a daman Barde, ɗaya a hagunsa.

"Sallau, sun sa ka tsakiya," in ji Kande, tana leƙa salular kamar yana ganinta. "Ɗaya nan, ɗaya nan. Kuma tsinke guda ya rage maka."

Bawa ya buɗe kaye ya karanta doka ta tara da ƙarfi don 'yan kallo su ji. Wanda maƙiya biyu suka sa tsakiya, ɗaya dama ɗaya hagu, garkuwarsa ba ta aiki. Kowa a rumfar ya san ma'anar wannan. Mai garkuwa sai ƙwaya ta nuna biyar ko shida ake samunsa. Wanda ba shi da ita kuwa, daga uku zuwa sama ya sha sara.

"Tsaya, tsaya, Yaya!" Muryar Sallau ta fito har tana tsatsa. "Karanta ta huɗu."

Bawa ya karanta ta huɗu. Wanda ya tsaya inda ba a iya zagaye shi, kamar gindin bango ko bakin ƙofa, ba a sa shi tsakiya.

"To ka ji! Wa ka zagaye mutum bisa ruwa? Ƙasa anka ce suna takawa? Ruwa na tsakanina da kowane ɗayansu. Ruwa bango ne. In na tare na dama, kafin na hagu shi jawo jirginai na juyo. Garkuwata na aiki!"

Rumfa ta kaure. Direbobin da ke kallo suka goyi bayan Sallau, suka ce mota biyu ba sa matse ta uku sai in hanya ɗaya suke bisa. Wani tela ya ce ai ba a ce "bango" kaɗai ba, an ce "kamar", kuma duk inda aka ce "kamar" an bar ƙofa a buɗe. Yakuba ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce shekararsa arba'in a kan ruwa bai taɓa jingina da shi ba. Bawa ya dubi kwalin, ya dubi kayen. Shekara shida yana yanke hukunci kafin mai gardama ya rufe baki, yau ga shi da gaske bai sani ba, don ranar da suka rubuta dokokin nan ba wanda ya kawo kogi a ransa.

Kande ce ta miƙe ta kakkaɓe zane.

"Surutun banza kuke. A gwada mana. Bawa, hau benci."

Haka aka yi, wallahi, a bainar jama'a a tashar Gaya. Aka jawo benci tsakiyar fili. Bawa, mai shekara hamsin da biyu da furfura a gemu, ya hau ya tsaya da murfin tukunyar shinkafa a hannu. Kande ta tsaya dama da ludayin miya, Yakuba ya tsaya hagu da filafilinsa na tuƙa jirgi. Masu rake suka bar rake, wani jandarma da ya zo sayen abinci ya tsaya da kwanonsa yana kallo.

Kande ta kai duka, Bawa ya tare, murfi ya yi ƙara. Ya juyo ya tare filafilin Yakuba. Direbobi suka yi shewa. Karo na biyu ya sake tarewa. Karo na uku yana juyawa wurin Yakuba, Kande ta ɗana masa ludayi a ƙeya, da sauran miya a jiki, hularsa ta faɗi. Jandarman nan ya yi dariya har ya zubar da wakensa.

"Mi ya faru? Mi ya faru?" Sallau ke ta tambaya daga gindin taya, ba mai saurarensa.

Da aka natsu sai aka ga gwajin bai raba gardama ba. Direbobi suka ce ya tare biyu cikin uku. Kande ta ce na ukun ne ya kashe shi. Yakuba ya ce duk aikin banza aka yi, benci ba jirgi ba ne, benci ba ya rawa.

Bawa ya goge ƙeyarsa ya zauna. Ransa yana gaya masa ya bar wa Sallau garkuwarsa a wuce wurin. Mutum yana can shi kaɗai, yana kwana ƙarƙashin mota, ɗan jan murfin nan ne kawai ke haɗa shi da gida kullum la'asar. Amma maganar Yakuba ta tsaya masa, kuma bai taɓa yanke abin da bai yarda da shi ba don a ji daɗi.

"Ruwa ba bango ba ne," ya ce. "An sa Barde tsakiya. Babu garkuwa."

"Ban yarda ba!" Sallau ya yi tsawa. "Ni na rubuta dokar nan, na san abin da nike nufi! Na ƙalubalanci hukuncin!"

Kande ta zare kayen daga hannun Bawa. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san dokokin nan da ka fiye da mai rubutunsu. Ta buɗe wani shafi, ko shi ne ko ba shi ba ne, ta kai bakinta dab da salula.

"Ɗan nan, doka ta goma sha biyu. Wa ya rubuta ta? Kai ne, ranar da 'yan kallo sunka hana ka jin kunnenka. Ba a ƙalubalantar mai labari sai mutum ya ɗora hannunai bisa kwali. Ina hannun naka? Ni dai taya nike gani."

Aka fashe da dariya. Daga salular kuwa sai ƙarar wata mota can nesa. Sannan layin ya yanke.

Dariyar ta mutu a bakin Bawa. Ya ce ba za a jefa ƙwaya ba sai mai murfi yana ji. Ya ɗauki kwalin a hankali yadda ba abin da zai motsa, da Barde da fararen nan biyu a gefensa, ya ɗora a kan tayoyi a ƙuryar rumfa, ya kifa masa kwando.

Asabar Sallau bai kira ba. Bawa ya kira sau uku, ba a ɗauka ba. Lahadi ma haka. Bawa ya shiga hidimar suna, ya sayo goro da dabino, ya je ya duba rago, amma hankalinsa ba ya jikinsa. Tsoro ya kama shi sosai. Da can ko ba komai yana jin muryar ƙanensa kullum, yanzu saboda murfin kwalba ya rasa har muryar. Ya je ya sami Kande tana tsince shinkafa, ya ce mata da ma ta yi shiru da bakinta ranar nan.

"Kai ka yanke hukunci, ni na karanta doka," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "In kana da cikin cin abinci ga kwano, in kuka ka zo yi ka matsa mini daga iska."

Litinin, jajibirin suna, la'asar ta yi. 'Yan kallo suka taru don sabo, suka zazzauna ba wasa. Yakuba ma bai zo ba, abin da bai taɓa yi ba. Bawa yana zaune yana kankare wata tsohuwar roba da ba mai buƙatarta, sai ya ji hayaniya daga hanyar bakin ruwa.

Yakuba ne a gaba da filafili a kafaɗa, yana tafe yana washe baki. Bayansa wani dogon mutum ne ya rame, wandonsa jiƙe har gwiwa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana taka ƙasa a hankali kamar mai jin ko za ta motsa. Bawa ya miƙe, robar ta faɗi daga cinyarsa.

Sallau bai gaida kowa ba. Bai ma dubi wansa ba. Ya wuce kai tsaye ƙuryar rumfa, ya ɗage kwandon, ya sauko da kwalin, ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"Ga hannu, Inna Kande."

Rumfa ta ɗauki ihu. Yakuba ya hau ba da labari tun ba a tambaye shi ba. Wai da hantsi Sallau ya kira shi ya ce ya zo ya ɗauke shi, kuma in ya faɗa wa kowa sai ya fasa. Wai sau biyu yana sa ƙafa a jirgi yana cirewa. Wai tun daga Malanbil har gaɓar nan idonsa a rufe yake, ya karanta duk surar da ya sani, da suka ƙare ya koma kan lambobin motocin da ya taɓa tuƙawa.

Bawa bai ji rabin labarin ba. Hannun nan yake kallo. Gefen jirgi ya bar masa jan layi a tsakiyar tafi, har da ɗan tsagin katako a gindin babban yatsa. Ya so ya rungume shi, amma mutane sun yi yawa, don haka ya gyara murya ya koma kan bencinsa.

"To, mai ƙara ya zo. Muna jin ka."

An san Sallau da gardama, kuma ya yi kwana uku yana tara ta. Direbobi suka matso don su mara masa baya.

Sallau ya juya hannunsa ya dubi jan layin.

"Yaya, tun Juma'a nike shirya magana. Hujja bakwai na taho da su, na ma rubuta." Ya taɓa aljihunsa, takardar ta jiƙe ta manne. "Amma wallahi ba ni iya faɗin su. Cikin jirgi babu garkuwa. Wace garkuwa? Da wane hannu? Hannu biyu Allah ya ba ni, duka biyun katako sunka riƙe. Da ɓarayin nan sun taho yau, da ko hulata sunka nema sai dai su cire da kansu."

Kande ta yi guɗa. Yakuba ya buga filafili a ƙasa yana cewa a rubuta, a rubuta, ruwa ba bango ba ne. Direbobi suka ce Sallau ya ci amanarsu, sun yi kwana uku suna kare shi a tasha. Shi kansa dariya ta ƙwace masa, yana yi yana share ido da bayan hannu.

"Jefa, Yaya," ya ce. "Ina ji, ina gani."

Bawa ya ɗauki ƙwayar. Ya girgiza ta ya daɗe, ya fi yadda ya saba, sannan ya saki. Ta gangara ta haye shuɗin kogin, ta bugi kwalin ashana, ta tsaya a kan huɗu.

Huɗu. Da an bar masa garkuwarsa da ya tsira. Aka yi salati kamar mutum ne ya faɗi. Bawa ya ɗauki tsinken ashana na ƙarshe, ya kasa karya shi, sai Sallau ya karɓa ya karya da kansa. Ya ɗauki jan murfin, ya hure masa ƙura, ya jefa a aljihun gaba.

"Shekara shida," ya ce. "Ya yi ƙoƙari. Gobe in an watse daga suna ku nemo mini sabon murfi, amma mai iyo."

"Gobe kana nan ke nan?" in ji Yakuba. "Yaushe za ni maishe ka?"

"Kai dai bari ƙafata ta bushe tukuna."

Bawa ya bar rumfar a buɗe, abin da bai taɓa yi ba, ya ja ƙanensa suka nufi gida. A hanya Bawa ya ce ragon yana da kyau, Sallau ya ce madalla. Labari ya riga su isa. Tun daga bakin lungu suke jin guɗar mata, 'ya'yansa maza suka fito da gudu suka rirriƙe shi, kowa na son ya ɗauki takalmin da ke hannunsa.

A tsakar gida aka shimfiɗa masa tabarma. Madina tana bakin ƙofar ɗaki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska saboda idon mutane, amma rabin da ya rage ya ishi kowa ya gane. Wata tsohuwa ta fito da jaririyar a naɗe cikin zane ta miƙa wa Bawa, don shi ne ya tsaya a matsayin uba duk kwanakin nan. Bawa ya karɓa, ya ji idonsa ya cika, bai kuma damu da wa ke kallo ba. Ya durƙusa gaban ƙanensa. Sallau ya miƙo hannu ɗaya zai karɓe ta.

"Hannu biyu, Sallau."

"Na sani, Yaya," ya ce, ya miƙo su duka. "Yau na koya."